Nana Asma'u da Takardun Gidan Waziri

A wannan makon mun kawo muku tarihin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da yadda aka yi labarinta ya iso gare mu.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, su tagwaye ne ita da Hassan. Lokacin da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804 shekarunta kusan 11, ba ta ma kai mu ba. Ta haddace Alƙur'ani, kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Babban aikinta shi ne kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa da jan rawani, ta tura ta ƙauyuka ta koya wa mata addini da waƙoƙin da ta rubuta. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, a Sakkwato.

To, ta yaya muka san duk wannan? Zuriyarta ce ta riƙe amana. Ɗanta Abdulƙadir ya zama waziri, takardunta suka zauna a gidan Waziri, ana adanawa ana kwafa. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga tsatsonta, ya ba wata Baturiya mai suna Jean Boyd damar karanta su. Nana takan sa shekarar da ta yi waƙa a ƙarshenta da haruffan ramzi, don haka aka iya jera rayuwarta daki-daki. Littafin Boyd a kanta ya fito a 1989.

Mu ma a gidajenmu akwai adakar kaka, da tsofaffin wasiƙu, da takardar gona, da hotuna. Gara da yoyon damina ba sa jiran kowa, kakanninmu kuma kullum ƙara tsufa suke yi. Da yawanmu ba mu san sunan mahaifin kakanmu ba. A hutun nan mu zauna da su, mu tambaya, mu rubuta a littafi. Duk wanda ya kawo tarihin kakansa, za mu manna shi a wannan allon.

Allah ya jiƙan Nana, ya sa mu yi koyi da ita.