Hans Ussing: Masanin da ya gano sirrin gishiri da ruwa a jiki daga fatar kwaɗo

Duk wanda ya taɓa ganin mai amai da gudawa ya farfaɗo bayan an yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari, ya ga amfanin wani ilimi da aka faro a kan fatar kwaɗo. Wanda ya aza harsashinsa shi ne Hans Ussing, ɗan ƙasar Denmak. Ba likita ba ne, masanin halittun ruwa ne da bincike ya ja shi zuwa wani fanni dabam.

An haife shi ranar 30 ga Disamba, 1911, a garin Sorø, inda mahaifinsa yake koyarwa. Ya karanta ilimin halittu a Jami'ar Kopenhagen. A 1933, yana ɗalibi, ya bi ayarin bincike na Lauge Koch zuwa gabashin Girinlan, ƙasar ƙanƙara, ya tattaro ƙananan halittun da ke yawo a cikin teku. A kansu ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1938.

Kafin ya kammala kundin, ya riga ya shiga ɗakin binciken August Krogh, wanda ya ci kyautar Nobel a 1920. Akwai wata tambaya da ta dami Krogh. Jinin kwaɗo yana da gishiri, ruwan tafkin da yake zaune a ciki kuwa kusan babu. Bisa al'ada gishirin jikinsa ya kamata ya tsiyaye zuwa tafkin, kamar yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari. Amma Krogh ya nuna cewa kwaɗo janyo gishiri yake yi ta fatarsa daga wannan ruwan. Ruwa ba ya hawa tudu sai da injin ban-ruwa. To ina injin yake a jikin kwaɗo?

Ussing ya yi sa'ar wuri da lokaci. A Kopenhagen ɗin ne cibiyar Niels Bohr take, inda George de Hevesy yake aiki da sinadarai masu fitar da tururin nukiliya. Da irinsu ana iya yi wa sodiyam, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka zama gishirin miya, shaida kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa, a san wanda ya shiga da wanda ya fita. A 1949 ya fito da wani lissafi da ke bambance sinadarin da ya ratsa fata don kansa da wanda aka tura da ƙarfi.

Babban aikinsa ya zo a 1951, tare da Karl Zerahn. Na'urar da suka haɗa ba ta da wani kwarjini. Ƙananan kofuna biyu ne ke fuskantar juna, an shimfiɗa fatar kwaɗo a tsakaninsu ta zama katanga, an cika kowane ɓangare da ruwan gishiri iri ɗaya. Fatar tana nan da rai na sa'o'i, har tana samar da 'yar wutar lantarki kamar ƙaramin batir. Sai suka sako wata wutar daga waje daidai gwargwadon da zai kashe ta fatar. Ke nan babu bambancin gishiri, babu bambancin lantarki, babu abin da zai tura komai ko'ina. Duk da haka sodiyam ya ci gaba da ratsawa daga waje zuwa ciki, kuma yawansa ya yi daidai da wutar da ma'auninsu ya nuna. Fatar da kanta take aikin, da ƙarfin abincin da take ƙonawa. Wannan na'ura ita ake kira akwatin Ussing har yau.

A 1958 shi da Valborg Koefoed-Johnsen suka bayyana yadda abin ke gudana. Kowace ƙwayar halitta a fatar tana da fuska biyu da ba su yi kama ba. Ta waje ƙofa ce da sodiyam ke shigowa. Ta ciki, mai kallon jini, a nan famfon yake, yana fitar da sodiyam zuwa jini yana karɓar fotasiyam. Inda gishiri ya bi kuma, nan ruwa ke bi. Daga baya aka ga cewa da irin wannan tsari hanji da ƙoda da huhu da hanyoyin gumi suke aiki.

Ta hanji labarin ya iso gidajenmu. A 1960 Ba'amurke Robert Crane ya kawo bayanin cewa sukarin gulukos da sodiyam tare suke shiga bangon hanji, ta ƙofa guda. A 1964 Stanley Schultz da Ralph Zalusky suka sa hanjin zomo a akwatin Ussing, suka ga da zarar an zuba gulukos sai shigar sodiyam ta ƙaru. Da aka gwada dafin kwalara a irin wannan akwati, an ga yana tilasta wa hanji ya riƙa zubo gishiri da ruwa ba ƙaƙƙautawa, amma bai rufe waccan ƙofa ta sukari da sodiyam ba. Shi ya sa ruwan gishiri kaɗai ba ya wadatarwa, sukari kuma idan ya yi yawa ƙara gudawar yake yi. Ma'aunin da ke jikin fakitin, wato a zuba shi a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ba ado ba ne.

Ussing ba shi ya haɗa wannan magani ba, kuma bai kamata a ɗora masa abin da wasu suka yi ba. Likitoci a Dhaka da Kalkata ne suka gwada shi a kan majinyata. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladash, Dilip Mahalanabis ya ba dubban mutane shi lokacin da ruwan ƙari ya yi ƙaranci, mace-macen suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Abin da Ussing ya ba su shi ne ma'auni da hanyar tunani. A 2018, da kwalara ta ɓarke a gundumar Madarunfa ta jihar Maradi, wadda Safo ke cikinta, ta kuma kama sama da mutum 3,000 a Nijar, wannan haɗin yana cikin makaman farko na ma'aikatan lafiya.

Akwatin bai tsufa ba. Da shi aka gwada wasu magungunan cutar gado ta sistik faibirosis, wadda ke sa majina ta yi kauri ta toshe huhu saboda lalacewar ƙofar da sinadarin kuloraid ke bi. Masu rainon ƙwayoyin huhu da na hanji a ɗakin gwaji, fannin da yanzu ya kai ga ƙoƙarin buga tsoka da na'ura hawa-hawa, tambayar da suke fuskanta ita ce ta Ussing: shin abin da aka haɗa yana tura gishiri ta inda ya dace?

Ya zama farfesa a 1951, ya jagoranci cibiyar nazarin sinadaran jiki ta jami'arsa daga 1960 har ya yi ritaya a 1981. Bai samu Nobel ba. Ɗan ƙasarsu Jens Christian Skou, wanda ya gano ainihin sinadarin famfon sodiyam da fotasiyam a 1957, shi ya same ta a 1997. Ussing ya rasu ranar 22 ga Disamba, 2000, saura kwana 8 ya cika shekara 89.