Marigayi Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo

An haifi Usman Nagogo, ɗan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, a cikin 1905. Ya riƙe Wakilin Doka, sa'an nan Magajin Gari, ya gaji mahaifinsa a 1944, ya rasu a 1981. Allah ya ji ƙansa.

Uban ne ya kawo ƙwallon doki Katsina, ɗan kuwa ya gwanance har Turawa suka sallama masa. A ganinmu wasan nan ya cancanci a komar da shi cikin wasannin Olamfik. Rabonsa da su tun na Jamus a 1936, inda ƙasashe 5 kaɗai suka kai dawaki. Nijeriya kuwa ba ta fara zuwa ba sai 1952, saboda haka Sarki bai taɓa samun filin gwada hannunsa can ba.