John Abernethy: Likitan da ya fara bayyana jijiyar da ke kauce wa hanta

An haifi John Abernethy a birnin Landan na ƙasar Ingila ranar 3 ga Afrilu, 1764. Yana ɗan shekara 15 aka danƙa shi a hannun Charles Blicke, likitan fiɗa a Asibitin St Bartholomew, domin ya koyi aiki. A 1787 ya zama mataimakin likitan fiɗa a asibitin, muƙamin da ya riƙe shekara 28 kafin a ba shi cikakkiyar kujera a 1815.

Ya yi suna wajen koyarwa. Ɗalibai sun riƙa cika gidansa don sauraron darasi, har hukumar asibitin ta gina masa zaure. Shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa makarantar likitanci ta asibitin. An kuma san shi da faɗin gaskiya ba kwana-kwana, ko da a gaban masu hannu da shuni.

Abin da ya dawwamar da sunansa ya faru ne a 1793, lokacin da ya wallafa binciken da ya yi kan gawar wata jaririya 'yar wata 10. A ka'ida, jinin da ya fito daga hanji yakan bi wata babbar jijiya ya shiga hanta a tace shi. Mahauta, kamar na mayankar Oko-Oba da ke Agege a Legas, kullum suna cin karo da ita a jikin hantar shanu. A jikin jaririyar kuwa, jijiyar ta kauce wa hanta, ta zube kai tsaye cikin babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Sai bayan shekara 100 aka gane haɗarin wannan ga ƙwaƙwalwa. A 1893 Ivan Pavlov da abokan aikinsa a Rasha suka nuna cewa karnukan da aka karkatar musu da wannan jijiya sukan rikice bayan sun ci nama. Daga baya aka tabbatar cewa sinadarin amoniya, wanda hanta ke kawarwa, shi ne kan gaba wajen yi wa ƙwaƙwalwa illa.

Yaron da aka haifa da wannan lalura, wadda ba kasafai ake samunta ba, kan yi fama da yawan barci, ruɗewa, sauyin hali da koma baya a karatu, alamomin da ake saurin danganta su da iskoki. A yau hoton ciki da gwajin jini kan bankaɗo ta. Likitoci kan toshe karkatacciyar hanyar, wani lokaci kuma sai an yi dashen hanta.

Abernethy ya ajiye aiki a 1827, ya rasu a Enfield cikin Afrilu 1831. Har yanzu da sunansa likitocin duniya ke kiran wannan lalura.