Mano Dayak: ya kawo wa Agadas sana'ar rufin asiri, yaƙi ya tafi da ita

Matasa da yawa sun san Mano Dayak a matsayin madugun tawaye wanda aka sa wa filin jirgin saman Agadas sunansa. Amma kafin ya shiga tawaye ɗan kasuwa ne, kuma sana'ar da ya buɗe ta ciyar da gidaje masu yawa, ta samar wa birnin mutane masu matsakaicin ƙarfi, waɗanda ba attajirai ba ne, amma asirinsu a rufe yake. Irin waɗannan magidanta ne suke ta raguwa a yau.

An haifi Mano Dayak a 1949 a kwarin Tiden, arewa da Agadas, cikin iyalin Abzinawa makiyaya. A zamanin da iyaye ke ɓoye ƴaƴansu don kada a kai su lakkol ɗin Nasara, shi an sa shi makarantar ƴaƴan makiyaya ta Azel. Ya ci gaba da karatu a Agadas, ya zauna Yamai, daga nan ya wuce Amurka da Faransa.

Da ya komo gida a shekarun 1970, ya tarar da Abzin cikin wani hali. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi, manyan motoci kuma sun soma ƙwace aikin ayarin raƙuma. An fara haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, amma ƴan yankin suna kukan cewa manyan muƙamai da albashi mai tsoka ba su cika zuwa hannunsu ba. Mano ya lura cewa makiyayin da ya rasa garke bai rasa sanin hamada ba: ya san rijiyoyi, ya san taurari, ya san inda rairayi ke cin mota. Sai ya kafa kamfanin yawon buɗe ido mai suna Temet Voyages, ya mai da wannan sani abin sayarwa.

Amfanin wannan sana'a shi ne kuɗinta ba su tsayawa a aljihu guda. Ayari ɗaya na baƙi da zai shiga Tenere yana buƙatar direba, jagora, mai dafa abinci, makanike da mai raƙuma. Kafin su tashi sun kwana a otal, sun sayi kayan lambu na Abzin, in sun dawo kuma su bi ta wurin maƙera su sayi kayan azurfa, su leƙa wurin dukawa su sayi jakunkuna da takalma. Wanda ya yi aikin lokacin sanyi guda yana iya gina ɗaki, ya sa yara makaranta, har ya fara tarin sayen motar kansa. Wasu da suka fara a matsayin direbobi sun kai ga buɗe nasu kamfanonin.

Abotarsa da Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren motoci na Paris-Dakar, ta taimaka wajen mai da Agadas babban zango na wannan tsere. Ya kuma taimaka wa ɗan Italiya Bernardo Bertolucci wajen ɗaukar fim ɗin Un thé au Sahara, wanda ya fito a 1990.

A cikin watan Mayu na wannan shekarar ne aka yi rikicin Cintabaradan, inda sojoji suka kashe fararen hula Abzinawa, abin da ya share fagen tawaye. Mano ya fara da kai kuka a kafafen labarai na Faransa, ya wallafa littafin Touareg, la tragédie a 1992, daga baya ya jagoranci haɗakar ƙungiyoyin tawaye ta CRA. Babbar buƙatarsu ita ce a ba yankunan arewa ikon tafiyar da al'amuransu, da kaso daga arzikin da ake haƙa a ƙasarsu. Masu sukarsa, har cikin Abzinawa, sun ɗauke shi mutumin Turawa wanda ya fi suna a Paris. Abin da ba a gardama a kai shi ne yaƙin ya kori baƙi, kuma waɗanda suka fara jin jiki su ne direbobi da maƙeran da ya buɗe wa kasuwa.

Ranar 24 ga Afrilu 1995, Rhissa Ag Boula, wanda ya taɓa aiki a kamfanin Temet, ya sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da gwamnati. Ɓangaren Mano bai shiga ba a lokacin. Ranar 15 ga Disamba 1995, ƙaramin jirgin da zai kai shi Yamai don tattaunawa ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga tsaunukan Abzin, ya rasu tare da abokan tafiyarsa.

Yawon buɗe ido ya farfaɗo bayan sulhu, har jirage na zuwa kai tsaye daga Faransa. Sai tawayen MNJ ya ɓarke a 2007, aka soke tseren Dakar a 2008, aka kai shi Kudancin Amurka, sannan aka sace ma'aikata a Arlit cikin Satumba 2010. Ko sanya tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya da UNESCO ta yi a 2013 bai dawo da baƙi ba. Direbobi suka koma jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya, dokar 2015 ta haramta aikin, aka kama motoci, aka ɗaure mutane, kafin a soke ta a Nuwamba 2023. Kamfanin COMINAK ya rufe a Maris 2021, ɗaruruwan masu albashi suka rasa aiki. Zinariyar da aka gano a Jado a 2014 ta yi sabbin attajirai, amma riba ta fi komawa ga mai jari, mai mota da mai na'ura, lebura kuwa sai abin da rabo ya ba shi.

Kuɗi ba su daina ratsa Agadas ba, sai dai hannuwan da suke bi ta cikinsu sun ragu. Kason arzikin ƙasa da Mano Dayak ya nema wa yankin, da aikin da zai riƙe magidanci shekara da shekaru, su ne har yanzu mutanen Agadas suke nema daga hukumomi.