Alfred Binet, Mai Awon Basira

Ƙanena ne ya sa na zaɓi tarihin wannan Bafaranshe. Bara ya faɗi jarrabawar shiga sakandare, sai yara suka riƙa kiransa daƙiƙi a garinmu Maiyama. Amma in muka kai albasa kasuwar Aliero, kafin baba ya gama ƙirga buhuna, yaron ya riga ya faɗi kuɗinsu da ka.

An haifi Binet a birnin Nis na ƙasar Faransa cikin 1857. Mahaifinsa likita ne. Ya karanta shari'a, amma sai ya bar ta ya duƙufa ga nazarin tunanin ɗan Adam. Ya daɗe yana lura da 'ya'yansa mata biyu, ya ga kowace da hanyar da take bi ta fahimci abu.

A 1882 Faransa ta wajabta karatun firamare. Yara suka cika makarantu, wasunsu kuwa ba su iya bin darasi. A 1904 aka kafa kwamiti kan wannan matsala, Binet yana ciki. Shekarar da ta biyo baya, shi da wani likita mai suna Theodore Simon suka fitar da gwaje-gwaje 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kamar maimaita lambobi da faɗin bambancin abubuwa biyu. A 1908 suka jera su bisa shekarun yara. Manufarsa ita ce a gano yaron da ke bukatar taimako, a taimake shi. Bai yarda cewa basira tsaye take wuri ɗaya ba, a ganinsa horo yana ƙara ta. Ya rasu a Paris cikin 1911, yana da shekara 54.

Aikinsa ya kai har ƙasar Japan. Can suna kiran irin wannan gwaji cino kensa. Cino shi ne basira, kensa kuwa dubawa, kalmar da suke amfani da ita wajen gwajin jini a asibiti. Likita kuwa don magani yake duba jini. Malamansu ba su tsaya ga fassara ba. Suzuki Harutaro na birnin Osaka a 1930, da Tanaka Kan'ici a 1947, sun gyara tambayoyin suka gwada su a kan yaran ƙasarsu, da harshensu.

Shi ƙanena da Turanci aka tambaye shi, harshen da ba ya ji sai a aji. Shin basirarsa aka auna ko Turancinsa? Yanzu yana Jega wajen kawunmu, ana koya masa da yamma, zai sake zama.

Ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, kada mu yanke wa yaro hukunci da takarda ɗaya. Allah ya buɗa mana basira baki ɗaya, amin.