Tirumalai Krishnamacharya: Malamin yoga da rufewar makarantarsa ta sauya shi

Ma'aikacin da ke shimfiɗa tabarma da asuba a ɗakinsa a Jimeta, kafin zafin Yola ya kankama, yana bin bidiyon yoga a waya, da wuya ya san sunan Tirumalai Krishnamacharya. Amma yawancin motsin da yake kwaikwayo ta hannun ɗaliban wannan malami suka yaɗu a duniya.

An haife shi a 1888 a kudancin Indiya. Bayan doguwar neman ilimi, Sarkin Mysore, Krishnaraja Wodeyar na Huɗu, ya ɗauki nauyinsa, aka buɗe masa makaranta a fadar Jaganmohan a 1933. A can ya horar da samari da tsanani, ciki har da ƙanin matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda ya zo masa yaro mai yawan laulayi. Indra Devi kuwa da farko ƙin karɓarta ya yi, don mace ce kuma baƙuwa, sai da fada ta sa baki.

Bayan Indiya ta sami 'yanci, tallafin sarauta ya yanke, makarantar ta rufe a 1950. Ya koma Madras, inda masu zuwa wurinsa suka zama manya, wasunsu marasa lafiya. Nan ne koyarwarsa ta nuna. Ya sassauta, yana tsara wa kowa motsi da numfashi daidai da shekarunsa da ƙarfinsa, don ya riƙa yi a gida kullum.

Da ya karye a ƙashin ƙugu bayan ya haura shekara 90, ya ƙi tiyata, ya ci gaba da atisaye a kan gado. Ya rasu a Madras a 1989, yana da shekara 100.