Jonah Lomu, Gwarzon Zari-Ruga

Daga cikin wasannin da Turawan Ingila suka yaɗa a duniya akwai wanda Hausawa suke kira zari-ruga. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuma tana da siffar ƙwai. Ɗan wasa yakan rungume ta ya sheƙa da gudu, abokan hamayya suna ƙoƙarin kayar da shi. In ya dire ta a bayan layinsu, ya ci maki 5. A ƙasar Niyu Zilan babu wasan da ya kai wannan daraja, kuma a can ne aka haifi Jonah Lomu.

An haife shi a birnin Auckland ranar 12 ga Mayu, 1975. Iyayensa 'yan asalin tsibiran Tonga ne, a can ma ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa. Daga baya ya tashi a Mangere, wata unguwa ta masu ƙaramin ƙarfi, sannan ya shiga makarantar Wesley College, inda ya yi fice a guje-guje da zari-ruga. Tsawonsa mita 1.96 ne, nauyinsa kuma wajen kilo 120. A al'adance, masu irin wannan jiki su ne suke turereniya a tsakiyar fili. Shi kuwa sai aka mai da shi gefe, gurbin sirara masu gudu, domin ya haɗa ƙarfi da sauri.

A 1994, yana da shekara 19, ya fara buga wa ƙasarsa wasa a karawa da Faransa. Amma duniya ba ta san shi ba sai a gasar cin kofin duniya ta 1995 a Afirka ta Kudu. A wasan kusa da na ƙarshe, a birnin Cape Town, sau 4 yana dire ƙwallo a bayan layin Ingila. A karon farko ma bangaje Mike Catt ya yi, ya bi ta kansa ya wuce. Duk da haka masu masauki ne suka ɗauki kofin da ci 15 da 12, Nelson Mandela ya miƙa musu shi. A watan Agusta na shekarar aka halatta biyan 'yan zari-ruga albashi, wasan da a da ake yi don sha'awa kawai ya zama sana'a. Lomu ne tauraro na farko a wannan sabon zamani.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne, wannan ƙato da ya gagari kowa yana fama da ciwon ƙoda mai tsanani. Ciwon ya hana shi wasa na tsawon watanni a 1997, amma ya dawo, har ya dire ƙwallo sau 8 a gasar 1999. Jimilla ya buga wa ƙasarsa wasa 63, ya dire ƙwallo sau 37, yawancinsu kuma cikin rashin lafiya. A 2003 aka fara yi masa wankin ƙoda. A 2004 wani abokinsa ya ba shi tasa guda, aka dasa masa. Bai haƙura ba, ya sake komawa fili, har ya yi wasa a ƙungiyar Cardiff, sai dai bai ƙara sa rigar ƙasarsa ba.

A 2011 ƙodar da aka dasa ta daina aiki, ya koma ga wankin ƙoda. Ya rasu a Auckland ranar 18 ga Nuwamba, 2015, yana da shekara 40. Bai taɓa ɗaukar kofin duniya ba, amma har yau in ana lissafa gwarazan zari-ruga, da wuya a tsallake sunansa.

Tambayoyi
1. Me ya bambanta Lomu da sauran masu wasa a gefe?
2. Wane canji aka samu a zari-ruga a 1995?
3. Yaya ciwon ƙoda ya shafi sana'arsa?